Jan tauraro da shuɗi, wanne ya fi zafi?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku raba mu gardama ni da 'yata. Daren jiya an ɗauke wuta a Gwammaja, muka fito tsakar gida bayan isha'i, sama ta yi tas babu hazo. Sai ta nuna min taurarin nan uku da ke jere kamar an ja layi, da wasu manya biyu, ɗaya ta wannan gefen ja-ja, ɗaya ta wancan gefen fari mai sirkin shuɗi. Ta ce wai a makaranta an gaya musu jan shi ne mai ƙarancin zafi. Na ce mata ta dai juya karatun. Tun muna yara jan wuta muke ji, ko a kan famfo ja ne ruwan zafi, shuɗi na sanyi. Ta kafe. Ga kuma wasu haruffa da ta rubuto a littafinta, O B A F G K M, ko a jere ba su zo ba. Masu ilimi a taimaka.

Ɗan Maƙera:
Wa alaikumus salam. Hajiya, yarinyar nan ta fi ki gaskiya, kuma ni ban yi boko mai nisa ba, a bakin zugazugi na koya. In ka tura ƙarfe cikin gawayi, da farko baƙi ne ko da ya isa ya ƙona ka. Can sai ya yi ja mai duhu kamar jan barkono busasshe, daga nan ja mai haske, sai ruwan goro, sai rawaya. In yaro ya ci gaba da zuga sai ya tasar wa fari, ya fara tartsatsi, a nan kake cire shi da sauri kafin ya lalace. Mahaifina ko ma'auni bai taɓa riƙewa ba, da ido yake cewa "bai yi ba, mayar". Ja shi ne matakin farko, wanda ƙarfe bai gama laushi ba.

Malamin Kimiyya:
Allah ya saka, Baba. Da zan samu ka zo ajina da na huta da bayanin rabin awa. Abin da ka faɗa shi ne dokar da wani Bajamushe mai suna Wilhelm Wien ya fitar da lissafinta a 1893: duk abin da ke haske saboda zafin jikinsa, gwargwadon ƙaruwar zafin, gwargwadon yadda mafi ƙarfin haskensa ke gusawa daga ɓangaren ja zuwa ɓangaren shuɗi. Ƙarfe yana narkewa a digiri 1,538 na Salshiyas, shi ya sa maƙeri ba ya taɓa ganin shuɗin. Tauraro kuwa ya wuce nan nesa.

Hajiya, taurarin da kuka gani su ne Larabawa ke kira Jauza. Jan shi ne Yadul Jauza, sunan da ya lanƙwashe a bakin Turawa ya koma Betelgeuse, zafin fuskarsa kusan 3,600 a ma'aunin Kelbin. Mai shuɗin shi ne Rijlul Jauza, suna ce masa Rigel, shi kuma kusan 12,000. Ranarmu tana tsakani, kusan 5,800. Wanda yake son ya mayar da Kelbin zuwa Salshiyas sai ya cire 273. Kin ga ke nan "mai sanyin" nan ya ninka zafin narkar da ƙarfe fiye da sau biyu. Sanyinsa a cikin 'yan'uwansa ne kawai.

Uwar Biyu:
Ikon Allah. To ai shi ke nan, har a kicin na ga alama: wutar gas shuɗiya ce kuma ta fi ta itace saurin dafa abinci.

Malamin Kimiyya:
A nan sai na ɗan taka miki birki, Hajiya. Misalin yana da daɗin ji amma hanyarsa daban ce. Shuɗin wutar gas daga wasu ƙwayoyin sinadari yake fitowa yayin da suke ƙonewa, ba don harshen wutar ya kai zafin Rijlul Jauza ba. Bai ma kai 2,000 na Salshiyas ba. Rawayar wutar itace kuwa ƙananan ɓurɓushin gawayi ne suka yi zafi suke haske, wannan ita ce ta yi daidai da ƙarfen Baba. Ki riƙe misalin maƙera, shi ne ba ya ɓatar da mutum.

Mai Kwan Fitila:
Malam ka warware min wani abu da na shekara ina sayarwa a Sabon Gari ban gane ba. A jikin kwalin kwai ana rubuta 2700K ko 6500K. Mai 2700 shi ne mai rawaya-rawaya, mai 6500 fari tas har da shuɗi-shuɗi. Amma mu a kasuwa mai rawayar muke ce wa mai ɗumi. Ashe a lissafi shi ne na ƙasa?

Malamin Kimiyya:
Shi ne na ƙasa, Alhaji. Lambar tana nufin launin da abu zai bayar in ya kai wannan zafin. Tsohon kwai mai zare a ciki da gaske zarensa yana kaiwa wajen 2,700. Na zamani kwaikwayon launin kawai yake yi.

Direban Kurna:
Ni fa ku yi haƙuri, ban gamsu ba. Wa ya je can ya auna? Launi kuma ai yana ruɗi. Ni da nake kan titi kullum, rana in za ta faɗi ta bayan Goron Dutse jajawur take zama, da azahar kuma fara. Ta huce ne da yamma? In ƙura da hayaƙi za su iya sauya wa rana launi a nan Kano, me zai hana su sauya wa tauraron da ke can inda ba a san iyaka ba?

Ɗalibar Fiziks:
Wallahi Yaya tambayarka ita ce ta fi ta kowa nauyi a zauren nan, kuma ita ce ta kai mu ga haruffan da Mama ta tambaya. Gaskiya ne akwai ƙura a tsakanin taurari, kuma tana sa tauraro mai zafi ya yi kamar ja, daidai yadda iskarmu ke yi wa rana da magariba. Saboda haka masana ba su tsaya ga launi kaɗai ba.

Abin da suke yi shi ne su tsaga hasken. Ka san bakan gizo, hasken rana ne ɗigon ruwa ya baje shi launi-launi. In ka bi da hasken tauraro ta gilashi mai kusurwa uku haka zai baje. To in ka duba bakan da kyau sai ka ga wasu siraran layuka baƙaƙe sun gitta shi, kamar an zare wasu zarurruka daga cikin saƙa. Joseph Fraunhofer ya ƙirga sama da 500 a hasken rana wajen 1814. Zuwa 1859 Kirchhoff da Bunsen suka gano cewa kowane sinadari yana da nasa layukan da ba ya rabawa da kowa. Ko a gida za ka ga ɗan'uwan wannan: watsa gishiri a wutar gas, nan take za ta yi rawaya, sodiyam ke nan. 'Yan gwangwan in suna ƙona wayar tagulla wutar kan yi kore.

Ƙura tana iya dusashe shuɗin bakan, amma ba ta iya goge layin hiliyam ta dasa na wani sinadarin a gurbinsa. Tsarin layukan yana isowa yadda ya baro tauraron.

Direban Kurna:
To na ji, ƙanwata. Amma ke da bakinki kika ce layukan sinadari suke nunawa. Ina ruwan sinadari da zafi? Ai sai dai ki ce wannan tauraron na ƙarfe ne, wancan na gishiri.

Tsohon Akawu:
Ni ma nan na tsaya. A wani littafi da na karanta tun muna sakandare an ce rukunin A taurarin haidurojin ne, rukunin G da K kuma masu ƙarfe da kalsiyam. Fahimtata ita ce haruffan rabon kayan ciki ne, kamar yadda ake ware buhun gero da na dawa a Dawanau. Zafi wani zance ne daban.

Ɗalibar Fiziks:
Baba, da girmamawa, wannan fahimtar ita ce manyan masana ma suka yi shekaru a kanta, kuma ita ce aka rushe. Bari in bi ta tarihi don a ga inda haruffan suka hargitse.

A ɗakin nazarin taurari na jami'ar Harvard a Amurka, wata mata mai suna Williamina Fleming ta jera taurari wajen 1890 da haruffa daga A zuwa Q. Ma'auninta ƙarfin layukan haidurojin: wanda layinsa ya fi kauri shi ne A, mai bi masa B, haka har ƙasa. Sai Annie Jump Cannon ta zo a 1901 ta zubar da yawancin haruffan, ta ɗauko O da B ta sa su gaban A, domin ta lura in an jera su haka sauran layukan suna sauyawa sannu a hankali ba tare da tsalle ba. Matar nan da idonta ta rarraba taurari kusan 350,000 daga hotunan gilashi, kuma ba ta ji sosai. Kundin da aka buga tsakanin 1918 da 1924 kaɗai yana da sama da 225,000. Duk lokacin da na tuna da ita sai in ji kunyar yin ƙorafin karatun jarrabawa ya yi min yawa.

Ita ta samo jerin, amma dalilinsa sai daga baya. A 1920 Meghnad Saha, wani masani ɗan Indiya, ya fitar da lissafin yadda zafi ke fizge elektiron daga jikin ƙwayar zarra, wato 'yan ƙananan ƙwayoyin da ke kewaya cibiyarta. A 1925 Cecilia Payne ta ɗora lissafin a kan bakan taurari a kundin digirinta na uku, ta nuna cewa kusan dukkansu abu ɗaya ne a ciki: haidurojin ne mafi rinjaye, sai hiliyam, sauran sinadarai ɗan kaɗan. Buhun ɗaya ne, Baba. Wutar da ke ƙarƙashinsa ce ta bambanta.

Tsohon Akawu:
To in haidurojin ya cika ko'ina, me ya sa layinsa ya yi kauri a A ya kusa ɓacewa a O da M? Nan nake so a tsaya min.

Malamin Kimiyya:
Nan ne zuciyar maganar, bari in gwada. Ƙwayar haidurojin elektiron ɗaya gare ta, kuma yana da matakai kamar na bene. Layukan haidurojin da ido ke iya gani ba sa fitowa sai in elektiron ɗin yana tsaye a mataki na biyu, daga nan ne yake haɗiye hasken ya haura sama. A tauraro irin na M, zafin bai isa ya ɗaga shi daga matakin farko ba, yana kwance a ƙasa, don haka haske ya wuce ba a taɓa shi ba. A tauraro irin na O kuma zafin ya yi yawa har ya fizge elektiron ɗin gaba ɗaya, babu mai haɗiyewa. Sai a wajen 10,000 ne ake samun mafi yawan waɗanda ke mataki na biyu, nan ne rukunin A. Saboda haka raunin layin haidurojin yana iya nufin zafi ya yi yawa, yana iya nufin ya yi kaɗan. Abin da ya rikita jerin farko ke nan, O ta faɗo can ƙasa kusa da M alhali su ne gabas da yamma.

Yadda ake bambance su kuwa, sai a duba wa ke tare da su. A O, daga 30,000 zuwa sama, ana ganin layin hiliyam da aka fizge wa elektiron ɗaya, abin da sai wuta mai tsanani ke iya yi. A B, tsakanin 10,000 da 30,000, hiliyam ne cikakke. A yana daga 7,500 zuwa 10,000. Daga F, 6,000 zuwa 7,500, haidurojin ya fara ja da baya, layukan kalsiyam suna tasowa, su yi ƙarfi a G, wato 5,200 zuwa 6,000, inda ranarmu take. K yana sauka har wajen 3,700 da layukan ƙarafa birjik. A M kuwa an samu sauƙin da har ƙwayoyi suna iya haɗuwa su zauna tare ba su wargaje ba, sai ka ga faffaɗan duhu na taitaniyam da ya haɗu da iskar oksijin. Wannan ba ya rayuwa a tauraro mai zafi sosai. Ganinsa kaɗai ya isa shaida.

Tsohon Akawu:
Na sauka daga kan bakata. Shekara arba'in ina ɗauke da rabin magana.

Direban Kurna:
Ni saura ƙiris. In jan nan shi ne mai ƙarancin zafi, me ya sa yake cikin waɗanda suka fi haske a sama? Garwashin da ya fara mutuwa ai ba ya haska ɗaki.

Ɗalibar Fiziks:
Girma ne, Yaya. In zafi ya ninka sau biyu, hasken da kowane taku na fuskar tauraro ke fitarwa yana ninkawa sau 16. Taku ɗaya na Rijlul Jauza ya fi taku ɗaya na Yadul Jauza haske fiye da sau 100. Amma faɗin Yadul Jauza ya ninka na rana wajen sau 700. Garwashi ne, amma garwashin da ya cika fili. Shi ya sa a 1943 Morgan da Keenan suka ƙara wata alama ta girma, daga I ta manya-manyan zuwa V ta irin ranarmu. Kowane harafi kuma an raba shi daga 0 zuwa 9, sifiri ya fi zafi. Cikakken sunan rana G2V.

Abin da ya fi ba ni mamaki ma shi ne kusan kashi uku cikin huɗu na taurarin da ke kewayenmu ƙananan ja ne na rukunin M, kuma ido ba ya ganinsu. Wanda ya fi kowa kusa da rana, Proxima, tafiyar haske shekara 4 da 'yan watanni, irinsu ne, sai da madubin hangen nesa. Waɗanda suka fi su sanyi ma an buɗe musu sababbin haruffa, L da T da Y.

Almajirin Zaure:
Allah ya gafarta malamai, ina bin ku tun farko. Wani ya yi min magana ta gefe wai wannan ba shiga ilimin taurari ba ne da aka hana? Na ce masa abin da malamanmu suka hana shi ne duba, a ce tauraro kaza ya fito don haka wane zai yi arziki ko zai mutu. Sanin lokaci da alƙibla da yanayin halitta kuwa, a zaurukan cikin birnin nan aka karantar da shi. Manomanmu har yau da manzilolin taurari suke lissafin damina. Kuma Shi'ira da aka ambata a Suratun Najmi, aya ta 49, ai tauraro ne da muke gani. Malam, shi a wane harafi yake? Da Surayya, wadda iyayenmu ke kira kaza da 'ya'yanta?

Malamin Kimiyya:
Madalla da wannan bayani, Malam. Shi'ira shi ne wanda ya fi kowane tauraro haske da dare, A1 ne, zafinsa dab da 10,000. In ka bi layin taurarin nan uku ta ɓangaren kudu maso gabas kai tsaye za su kai ka gare shi. In ka bi ta ɗaya ɓangaren sai ka tarar da Dabaran, ruwan goro, K5, wajen 3,900, gaba da shi kuma kaza da 'ya'yanta, waɗanda masu haskensu duk B ne. Su ukun da ke jere kuwa su ne manyan masu zafi: biyu na gefe O ne, na tsakiya B0. Can ƙasa ta kudu akwai Suhailu, yana kan iyakar A da F, wajen 7,400. Mu a Kano mun yi sa'a, yana ɗagowa kusan digiri 25 sama da ƙasa, mutanen Ingila ba sa ganinsa sam. Wato a dare ɗaya na watan Janairu, daga kan Dala, mutum zai iya bin kusan dukkan tsanin haruffan nan da idonsa.

Mai Kwan Fitila:
Tambaya ta ƙarshe daga ni. Bakan gizo akwai kore a tsakiya. Ina koren tauraro?

Ɗalibar Fiziks:
Babu shi, Alhaji. Ranarmu ma mafi ƙarfin haskenta a wajen kore yake, amma tana fitar da ja da shuɗi da yawa tare da shi, ido ya haɗa su ya ga fari. In kana son ka ga tsagin haske a shagonka, ɗauki tsohon faifan CD ka karkata shi gaban kwai. Mai zare zai ba ka baka mai santsi, doguwar fitilar nan mai bututu kuma za ka ga launukan sun rabu gunduwa-gunduwa. Kada dai a gwada kallon rana kai tsaye.

Uwar Biyu:
'Yata tana gefena tana karantawa, bakinta har kunne. Ta ce a taimaka mata da yadda za ta haddace jerin, na Turancin da aka ba su ba ya zama mata.

Ɗan Maƙera:
Ki ce mata: Oga, Bari A Fifita Garwashi Kafin Magariba. Ta ɗauki harafin farko na kowace kalma.

Malamin Kimiyya:
Baba, da izininka gobe zan rubuta wannan a allo.

Direban Kurna:
Jama'a na dawo. Na sauke fasinjan ƙarshe a hanyar Dawakin Tofa, na kashe fitila na fito na ɗaga kai. Wallahi ga su nan yadda aka faɗa, ja a gefe ɗaya, mai shuɗi a ɗayan, na bi layin na samu Shi'ira yana walƙiya kamar ana walda. Shekara nawa ina wucewa a ƙarƙashinsu duk farare nake ɗaukarsu. Suhailu ne ban samu ba, akwai ƙura ta kudu. Malam, akwai wani jan kuma da zan nema?

Malamin Kimiyya:
Akwai Ƙalbul Aƙrab, zuciyar kunama, shi ma M ne kamar Yadul Jauza. Yanzu sai gab da asuba yake fitowa ta kudu maso gabas. In kana son ganinsa bayan isha'i ka jira Yuni ko Yuli, daren da aka yi ruwa sama ta washe. Suhailu kuma ka sake gwadawa wajen ƙarfe 11, ka sami wurin da gini bai tare maka kudu ba.